Wa Ya Ce Lambar Kan Kwali Ita Ce Iyaka? Martani Ga Mai Sukar Masu Ƙure Malejin Ƙananan Kwamfutoci

Makalar da ta fito a wannan mujalla a bugun da ya gabata, wadda aka yi wa masu wasa da ƙananan kwamfutoci wankin babban bargo a cikinta, ta yi daɗin karatu. Malam, marubucinta, ya iya riƙe alƙalami, wannan kam ba a ƙwace masa. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, matasan da ke sayen Raspberry Pi da 'yan uwanta, su zauna suna ƙara mata gudu, suna ɗaura mata fanka, suna leƙen ma'aunin zafi dare da rana, ɓarnar kuɗi da lokaci kawai suke yi. A ganinsa injiniyoyin da suka ƙera abin sun riga sun yanke iyakarsa, duk wanda ya tsallake kuwa ƙona na'ura zai yi ya rasa garanti. Ya ƙara da cewa kuɗin da ake zubawa ya isa sayen laftof ta hannu wadda za ta fi aiki nesa ba kusa ba, kuma lambobin da yaran ke tinƙaho da su ba sa kawo na cefane.

Ina da ja a kan mafi yawan wannan magana. Amma tukuna, don wanda bai taɓa riƙe irin wannan na'ura ba: kwamfuta ce sukutum a kan fanel guda wanda bai fi tafin hannu ba. Firosesa, ram, ramukan USB, wurin soka wayar talabijin da ramin memori duk suna kai, ga kuma allurai 40 jere a gefe waɗanda ake jona wa fitila, injin ban ruwa, ma'aunin zafi ko duk abin da mutum ya ga dama. Wata gidauniya ce a Kambirij ta ƙasar Ingila, wadda Eben Upton da abokansa suka kafa, ta fitar da ta farko a Fabrairun 2012 a kan dala 35. Abin da ya dame su shi ne masu neman karatun kwamfuta a jami'ar Kambirij sun ragu, waɗanda ke zuwa ɗin ma yawancinsu ba su taɓa yi wa cikin na'ura katsalandan ba, domin kwamfutar gida ta yi tsadar da ba a barin yaro ya yi gwaji da ita. Shi ne suka yi mai arahar da in ta lalace ba za a yi zaman makoki ba. Ke nan tun ran gini, don a tattaɓa ta aka yi ta.

Inda Malam ya yi gaskiya, gara in faɗa da wuri. Raspberry Pi 5 mai ram 8GB ta fito a Oktoban 2023 a kan dala 80, kuma tsirara take zuwa. Cajarta ta kamfani mai wat 27 daban ake saye, fanka daban, gida daban, memori daban. Kafin ta iso Kano ko Maraɗi an ɗora mata kuɗin jirgi, na kwastan da na canjin dala. Laftof ta hannu kuwa da allonta take zuwa, da kibod, da batir, kuma a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, batirin nan kaɗai ya isa hujja. Idan ɗalibi ya zo mini yau ya ce yana son abin da zai rubuta furojet da shi, ni ma laftof zan ce ya nema. Sai dai wannan amsar wata tambaya ce daban. Ba wanda ya ce a sayi Pi don buga takarda.

Tushen kuskuren Malam shi ne ɗaukar lambar da aka rubuta a kan kwali a matsayin bangon da silikon ba zai iya wucewa ba. Ba haka ake samo lambar nan ba. Ƙwayoyin firosesa da aka yanko daga faifan silikon ɗaya ba sa fitowa daidai wa daida. Wata tana gudu sosai da 'yar wuta kaɗan, wata sai an ƙara mata kafin ta tsaya da ƙafarta. Kamfanin da zai sayar da miliyoyi dole ya zaɓi gudun da mafi raunin cikinsu za ta ɗauka, a cikin gidan roba marar iska, a hannun mutumin da bai san komai ba, har tsawon shekaru. Lambar kan kwali shawara ce ta taka-tsantsan da kasuwanci. Shawara ce mai kyau, amma mutane ne suka zauna suka yanke ta, kuma su da kansu sun sha sauya ta.

Ga tarihin nan a fili. Pi ta farko da 700 MHz ta fito. Tun daga makonnin farko masu saye suka fara ɗaga ta, domin kamfanin ya bar ƙofar a buɗe a cikin wani ɗan fayil. A Satumban 2012, wata bakwai kacal da fitowarta, gidauniyar da kanta ta fito da tsarin da ke kai ta 1 GHz, ta sa shi cikin zaɓuɓɓukan da kowa ke gani, ta kuma ce yin haka ba ya ɓata garanti. A Nuwamban 2015 aka fito da Pi Zero ta dala 5, wadda aka manna kyauta a bangon mujallar MagPi. Ƙwayar cikinta ita ce dai ta 2012, BCM2835, amma yanzu 1 GHz aka rubuta a matsayin gudunta na asali. Abin da Malam zai kira ganganci a 2012 ya zama lambar kan kwali bayan shekara uku.

Haka ta sake faruwa da Pi 4. A Yunin 2019 ta fito da 1.5 GHz. A Nuwamban 2021, da aka sabunta manhajar da ke tafiyar da ita, sababbin fanel ɗinta suka koma 1.8 GHz ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Sai kuma 'yar ƙaramar nan Pico ta dala 4, wadda ta fito a Janairun 2021 da ƙwayar RP2040 mai 133 MHz. Luke Wren, wanda injiniyan kamfanin ne, ya ɗaga ta zuwa 252 MHz har ya sa ta tura hoto zuwa talabijin, aikin da ba a ƙera ta dominsa ba. A 2025 kamfanin ya amince a hukumance cewa ƙwayar tana iya 200 MHz. To, Allah ya gafarta Malam, injiniyoyin da aka ce mu tsaya inda suka tsaya, su ne kan gaba wajen tsallake layin.

Wannan idan kamfanin mai gaskiya ne ke nan. Akwai inda lambar kan kwali ba ta ma kai gaskiya ba. A farkon 2016 kamfanin Hardkernel na Koriya ta Kudu ya fito da Odroid-C2, da firosesar Amlogic S905 wadda aka tallata a matsayin mai 2 GHz. Idan ka tambayi na'urar gudunta, 2 GHz za ta ce maka. Masu son awon nan da Malam ke yi wa dariya su ne suka lura da wani abin mamaki: ko ka sa ta a 1.5, ko a 2, lokaci ɗaya take ɗauka ta gama lissafi ɗaya. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa wata manhaja rufaffiya a cikin ƙwayar tana tsayar da gudun a wajen 1.5 GHz, tana kuma mayar da amsar duk lambar da aka nema. Hardkernel ya gyara bayanin na'urarsa ya koma 1.5. Ita wannan ƙwayar tana cikin akwatunan talabijin masu Android da yawa da aka sayar a duniya da waccan lamba ta farko. Da kowa ya bi shawarar Malam ya yarda da kwali, wa zai tona?

Akwai kuma akasin haka. Orange Pi PC mai ƙwayar Allwinner H3 an tallata ta da 1.6 GHz, kuma manhajar da ake ba ta da ita tana ɗura wa ƙwayar wuta fiye da kima, sai ta yi ta zafi tana kashe wasu sassanta don ta tsira. 'Yan sa-kai na Armbian, masu gina Linux don irin waɗannan na'urori, su suka zauna suka auna, suka sauke gudun zuwa wajen 1.3 GHz, suka rage wutar, na'urar ta samu lafiya. Mutanen da ake zargi da haukan gudu, a nan su ne suka taka birki.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ba ni mamaki a makalar Malam: mutum yana rubutu daga ƙasar zafi, bai ambaci zafin gari ko sau ɗaya ba.

Zafin da firosesa ke fitarwa yana bin abu biyu, gudunta da ƙarfin wutar da ake ba ta. Gudu yana ƙara zafi daidai gwargwado, amma ƙarfin wuta ninka kansa yake yi. Idan ka ɗaga Pi 5 daga 2.4 zuwa 3.0 GHz ka ƙara gudu da kwata. In kuma sai da ka ƙara ƙarfin wuta da kashi 10 cikin ɗari kafin ta daina sandarewa, to abin da ƙwayar ke ci a bakin aiki ya haura da kusan rabi. Ka biya rabi ka samu kwata. Duk wanda ya gwada ya ga wannan da idonsa a ma'auni, ba sai an yi masa wa'azi ba. Juya lissafin kuma ka gani: rage gudu da kwata, rage ƙarfin wuta da kashi 10, abin da take ci ya sauka da kusan kashi 40. Layukan da ake taɓawa don ɗagawa su ne dai ake taɓawa don saukewa. Ilimi ɗaya ne, kuma ba a samun rabinsa a bar rabi.

Raspberry Pi tana fara rage wa kanta gudu idan ƙwayar ta kai digiri 80, a 85 kuma ta ƙara dannewa. A ɗakin da ke digiri 20, irin na Kambirij, tana da tazarar digiri 60 kafin ta kai can. A shago mai rufin kwano a Kano, Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu, inda ma'auni ke taɓa 40 da rana, tazarar 40 ce. Kashi ɗaya bisa uku ya tafi tun ba a kunna ta ba. Aikin da zai tsayar da ita a digiri 65 a can, a nan 85 zai kai ta. Pi 3B+ ta 2018 ma ta fi nuna abin ƙarara: an rubuta mata 1.4 GHz, amma an saita ta ta sauka zuwa 1.2 da zarar ta kai digiri 60. A Ingila sai ta ɗan jima tana aiki kafin ta kai haka. A bazararmu tana zaune ba ta yin komai ma ta kusa. Mai ita zai iya shekara yana zaton 1.4 yake samu. Akwai layin da ke ɗaga wannan iyaka har zuwa 70, amma sai wanda ya saba buɗe fayil ɗin ya san da shi. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke toshe haƙoran ƙarfen da ke tsotse zafi ta kuma daskare a fukafukan fanka, abin da takardar kamfani ba ta yi lissafi da shi ba. Saboda haka a wurinmu, ko gudun da aka yi alkawari a kwali ba ya samuwa sai an yi masa aiki irin wanda Malam ya hana.

Bari in nuna yadda abin yake a kan tebur, don kada a zaci tsafi ne. Ka haɗa na'ura, ka sa mata wani lissafi mai nauyi da zai cika dukkan sassan firosesar huɗu, ka bar ta. A wata tagar kana buga vcgencmd measure_temp kana kallon zafi yana hawa: 58, 66, 73, sannan ya fara jan ƙafa. Ka taɓa ƙarfen da bayan yatsa, ka janye. Bayan ta daɗe a haka sai ka buga vcgencmd get_throttled. In ta ce 0x0, lafiya lau. In ta ce 0x50005, ta gaya maka abu biyu: wutar da ke shigo mata ta gaza, kuma ta riga ta rage gudu saboda haka. Na'urar tana ƙorafi ne da zarar wuta ta sauka ƙasa da bolt 4.63. A nan ne mutum ke gane cewa cajar da aka rubuta wa amfiya 3 a jiki ba ta iya riƙe ko kusa da haka, ko kuwa cajar lafiya take, igiyar ce siririya tana shanye wuta a hanya. Irin waɗannan caja da igiyoyi sun cika kasuwanninmu, kuma suna yin aiki sumul muddin na'ura tana hutawa. Sai an matsa mata asirinsu ke tonuwa. Bakanike ma idan ya gama haɗa inji ba ya miƙa wa mai mota makulli sai ya ba shi wuta ya kasa kunne.

Wanda ya yi wannan ya san abin da zai faɗa idan aka kira shi ya haɗa wa wata makarantar ƙauye ɗan rumbun karatu marar buƙatar intanet, irin wanda ake yi da Kiwix, inda ake zuba Wikipedia har da ta Hausa, ɗalibai su shiga ta wayoyinsu. Pi 4 tana cin wajen wat 3 idan ba ta aiki mai nauyi. A yini da kwana wat-awa 72 ke nan. Ɗan batirin nan mai bolt 12 da amfiya-awa 7, wanda ake sa wa UPS, wat-awa 84 ne a rubuce, kuma ba a son a tatse shi ƙaf. A irin wannan lissafi rage wat ɗaya ba ƙaramin abu ba ne: shi ne bambanci tsakanin na'urar da ta kwana a kunne da wadda ta mutu kafin asuba. Laftof ɗin Malam tana da nata amfanin, amma ba za a rataye ta a jikin rufi a bar ta wata shida a kan ɗan faifan sola ba.

Maganar ƙonewa kuwa, an kambama ta. Ƙara gudu a Pi ba ya wuce rubuta layi biyu ko uku a fayil ɗin config.txt: arm_freq, sannan over_voltage, ko over_voltage_delta a Pi 5. In ka yi zari, abin da ya fi faruwa shi ne na'urar ta sandare ko ta ƙi tashi. Sai ka zare memori, ka soka a wata kwamfutar, ka goge layin, ka mayar. Tsarin rage gudu saboda zafi yana nan yana aiki ko ka ɗaga lambar. Haɗarin da ke akwai na gaske guda biyu ne, kuma ba ɓoye su ake yi ba. Na farko, sandarewa a tsakiyar rubutu tana iya lalata abin da ke cikin memori, shi ya sa ba a gwaji a kan katin da ke ɗauke da aikin mutane. Na biyu, ɗura wa ƙwaya wuta mai yawa na tsawon lokaci yana cinye siraran hanyoyin ƙarfen da ke cikinta a hankali, ya rage mata kwana. Game da garanti, kamfanin ya bayyana irin haɗin saitin da ke ɓata shi, wato tilasta wa ƙwayar zama a ƙololuwar gudu kullum tare da ƙarin wuta, kuma yin haka yana barin tabo na dindindin a cikinta wanda za su iya gani. Wanda ya zaɓi wannan ya san abin da ya taka. Ballantana ma, wane garanti ne ke bin na'ura daga Ingila har Kantin Kwari?

Ba gudun firosesa kaɗai ake matsawa ba, kuma a nan ne ribar ta fi fitowa. A 2019, makonni kaɗan da fitowar Pi 4, wani mai suna Tomasz Mloduchowski ya sa iska mai zafi ya ɗaga ƙwayar da ke kula da USB daga kan fanel, ya jona siraran wayoyi a gurbinta, ya fito da hanyar PCIe da ke ɓoye a ƙarƙashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yana ɗaga ayisi da bulowa ya san hannun da ake buƙata, kuma ya san muna da masu shi. Pi 5 ta zo da wannan hanya a fili. A hukumance zubi na biyu ce, amma layi ɗaya, dtparam=pciex1_gen=3, yana mayar da ita zubi na uku, gudun karanta faifan NVMe ya kusa ninkawa. Kamfanin ya ce bai tantance wannan ba. Da ya fito da na'urarsa ta ƙirƙirarriyar basira da ake ɗorawa a kan Pi 5 a 2024, takardarsa ta ba masu saye shawarar su kunna wannan layin. Ninki biyu a kyauta, da layi guda. Ban ga yadda za a kira wannan ɓata lokaci ba.

(Wani lokaci ma masu saye suna gano abin da kamfani bai gani ba, ba tare da sun yi niyya ba. A Fabrairun 2015 wani ya ɗauki hoton sabuwar Pi 2 da kyamara mai walƙiya, na'urar ta mutu nan take. Ashe wata 'yar ƙwaya ce a sashen wuta da ba ta da rufi, haske mai ƙarfi yana rikita ta. Maganin da aka bayar shi ne a manna mata ɗan ƙulli na roba mai danƙo. Gwajin masana'anta bai kama wannan ba.)

Saura batun tinƙaho. A nan zan ba Malam rabin gaskiya. A ranar 14 ga Maris 2024, Jeff Geerling, Ba'amurken da ya yi suna wajen gwada waɗannan na'urori, ya kai Pi 5 zuwa 3.14 GHz don lambar ta dace da ranar. Ba wanda zai ce duniya ta ƙaru da wani abu a wannan yini. Nishaɗi ne, kuma shi ma bai ce ya wuce haka ba. Akwai kuma samarin da ke kwafo saitin wani su manna ba tare da sun fahimci ko layi ɗaya ba, su ɗauki hoton lamba su yaɗa, na'urar kuwa ba ta iya riƙe awa guda a haka. Waɗannan sun cancanci zolayar Malam. Amma maganinsu a koya musu awo ne: canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, maimaita gwajin, rubuta zafin ɗaki, faɗin irin caja da fankar da aka yi amfani da su, da faɗin inda abin ya faɗi. Hana su taɓawa ba zai koya musu ko ɗaya daga ciki ba.

Kuma kada a raina wasa da ƙananan abubuwa. A 2017 cibiyar binciken Los Alamos ta Amurka, wadda ke da wasu daga cikin manyan kwamfutocin duniya, ta sa aka haɗa mata Raspberry Pi 750 wuri guda. Ba don gudu ba, domin gaba ɗayansu ba su kai ƙafar babbar na'urarsu ba. Masu rubuta manhajar da ke sarrafa dubban injuna a lokaci ɗaya suna buƙatar wurin gwaji, kuma ba za a tsayar da injin miliyoyin daloli don su yi kuskure a kai ba. Irin matsalolin da ke tasowa idan injuna sun yi yawa suna tasowa ko da injunan ƙanana ne. Ɗalibi a Zariya da ya haɗa guda huɗu da 'yar suwic zai ci karo da ƙananan 'yan uwan waɗannan matsaloli.

Na cefane kuma fa? An sayar da Raspberry Pi sama da miliyan 60, kuma lokacin da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan a Yunin 2024, bayanansa sun nuna fiye da kashi biyu bisa uku na cinikin masana'antu ne da masu ƙera wasu na'urori, ba masu wasa a ɗaki ba. Suna cikin allunan talla, injunan masana'anta, na'urorin sa ido da na awo. Duk inda aka rufe ɗaya a cikin akwatin ƙarfe aka kafe a rana, akwai buƙatar wanda ya san a wane zafi take fara ja da baya. Bayan haka, Cortex-A76 da ke cikin Pi 5 ita ce a cikin wayoyi da yawa masu matsakaicin kuɗi da ke aljihunmu. Wayar da ke ɗaukar zafi ta fara nauyi idan an daɗe ana bidiyo, abin da ke faruwa a cikinta shi ne wannan rage gudun. Bambancin kawai, waya a kulle take, ba ta barin ka ga lambobin, Pi kuwa tana nuna maka komai. Yaron da ya koyi karanta su a nan ya koyi Linux a hanya, ya koyi lissafin wuta, ya koyi yadda ake bin matsala daga alama zuwa tushe ba da canki-canka ba. Ban san sana'ar fasahar da ba ta biyan kuɗi a kan wannan ba.

Ita kanta laftof ta hannun da Malam ya ba da shawara a saya, ya kamata ya gaya wa masu karatu halin da take isowa. Ta yi shekara biyar ko takwas a wani ofis a Turai. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama gari, ƙura ta yi tabarma a bakin fanka, batirin ya rage rabin ransa. A jikinta an manna takardar Core i5, kuma a shago za ta tashi da sauri ta buɗe komai, domin minti biyu ba ya isa ta yi zafi. Sai an kai ta gida an ɗora mata aiki na rabin awa a zafin Afrilu sannan ta sauke gudunta ƙasa warwas, mai ita yana zagin intanet. Wanda zai gane haka tun a gaban mai shago, ya sa mata lissafi mai nauyi, ya buɗe ma'aunin zafi da na gudu, ya ce a rage kuɗi ko a canza man, shi ne yaron nan da Malam ya ce ya daina ɓata lokaci. Idan Malam zai je sayen tasa, ina ba shi shawara ya tafi da ɗaya daga cikinsu.